Jiƙo, Tsimi da Barasar Magani: Nazarin Haɗa Itatuwa a Samaru da Sabon Garin Zariya Bisa Darasin Ƙasar Sin

Tsakure

Wannan takarda ta dubi al'adar haɗa saiwoyi da sassaƙe da ganyaye a jiƙa su a ruwa ko a barasa don neman lafiya, kamar yadda ake yi a Samaru da Sabon Garin Zariya. Ta kwatanta al'adar da barasar magani ta Sinawa, wadda ta daɗe a rubuce. Hujjar takardar ita ce, sanin sunan itace da cutar da yake warkarwa bai wadatar ba. Ruwan da aka jiƙa shi, da abokan haɗinsa, da kwanakin da ya yi, da ma'aunin da aka sha, su ne suke raba magani da guba. Takardar ta ba da shawarar masu maganin gargajiya da masanan Jami'ar Ahmadu Bello su zauna su rubuta kundin ƙa'idojin haɗi da Hausa, su fara da haɗe-haɗen da ba a yi.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe bai cika shan itace guda shi kaɗai ba. In za a yi maganin shawara ko basur ko ɗankanoma ko sanyin ƙashi, akan tara itatuwa uku ko biyar ko fiye, a ƙara kayan yaji, wani lokaci a jefa jar kanwa. Ana kiran wannan haɗi, kuma gwanintar mai magani a haɗinsa take. Sai dai yawancin nazarce-nazarcen da ake yi a jami'o'inmu itace ɗaya suke ɗauka, su tatso sinadarinsa, su gwada a jikin ɓeraye. Wannan aiki ne mai amfani, amma ba shi ne abin da mutum yake kurɓa a kasuwa ba. Abin da yake kurɓa haɗi ne da ya kwana a cikin kwalba ko jarka, a ruwan da ba a auna ba, na kwanakin da ba a ƙirga ba.

Takardar ta dogara ne ga abin da aka rubuta game da tsirran ƙasar Hausa da magungunan Sin, da rahotannin hukumomin lafiya, da kuma abin da kowane mai ido yake gani a kasuwannin Zariya. Manufarta ba tallar barasa ba ce, ba kuma kushe maganin gargajiya ba. Mutane suna sha ko mun yi magana ko mun yi shiru, don haka wajibi ne masu ilimi su yi magana.

2.0 Farfajiyar Nazari

Sabon Garin Zariya ya kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa a wajajen 1911, a matsayin mazaunin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, musamman daga kudancin Nijeriya. Turawan mulkin mallaka sun hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa, bisa yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890. Duk da haka, unguwannin baƙi irin Sabon Gari su ne suka zama inda ake samun abin sha mai bugarwa, kama daga burkutu da fito har zuwa ogogoro, wadda tatsarta ta bazu a kudu a shekarun 1930. Tare da mutane ne ilimin magani ya yi ƙaura. Yarabawa suka zo da agbo, wanda ake jiƙawa a ruwa ko a ogogoro, suka tarar da Hausawa da jiƙonsu da tsiminsu. Yau a kasuwa ɗaya za ka ga mai saiwoyi ya baje kolinsa, ga mai agbo da kwalabenta, ga kantin magungunan Musulunci da zuma da habbatussauda, ga kuma kwalayen shayi da ƙwayoyin da aka shigo da su daga Sin da Indiya.

Samaru kuwa garin bincike ne. An kafa tashar binciken aikin gona a can a 1922, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A jami'ar akwai Tsangayar Kimiyyar Harhaɗa Magunguna da sashenta na nazarin magungunan da ake samu daga tsirrai, akwai kuma ma'ajiyar busassun tsirrai inda ake tantance ainihin kowane itace. A Basawa akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, a Shika kuma asibitin koyarwa. Samaru da Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya suke, mota ɗaya ce take ɗaukar mutum daga wannan zuwa wancan ta Kwangila da Palladan. Da wuya a sami wani gari a Arewa da masu haɗa magani da masu iya auna shi suke kusa da juna haka.

3.0 Hanyoyin Sarrafa Itace

Hanyoyi huɗu ne suka shafi wannan nazari. Ta farko jiƙo: a zuba sassaƙe ko saiwa a ruwan sanyi, a bar shi ya kwana, a tace a sha. Haka ake yi wa maɗaci da marke da hano. Ta biyu dahuwa: a tafasa itacen har ruwan ya canza launi, kamar yadda ake yi wa sabara da tafashiya da ganyen darbejiya. Ta uku tsimi: a haɗa itatuwa da kayan yaji irin su citta da kanumfari da masoro da kimba, sau da yawa a sa abin zaƙi kamar zuma ko dabino ko rake ko mazarƙwaila, a rufe a ajiye har ya tsimu. Mafarauta da 'yan tauri da 'yan dambe sun daɗe da nasu tsimin, mata kuma suna da nasu na gyaran jiki. Ta huɗu jiƙon barasa: a cusa saiwoyi a kwalba, a cika ta da ogogoro ko jin, a riƙa tsiyaya wa masu saye a ƙaramin kofi. Wannan shi ne abin da ake kira paraga a kudu, kuma masu shansa sukan ce na ciwon baya ne, ko na basur, ko na ƙarfin maza.

Hanya ta huɗu ita ce ta yi daidai da abin da Sinawa suke yi. Amma ta uku ma tana kusa da ita fiye da yadda ake zato, kamar yadda za a gani a gaba.

4.0 Tsarin Haɗi a Wajen Sinawa

Sinawa sun daɗe suna jiƙa magani a giyar shinkafa ko a barasar hatsi mai ƙarfi, wadda takan kai kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Masanin magunguna Li Shizhen, wanda ya kammala babban kundinsa Bencao Gangmu a 1578, ya tattara magunguna 1,892 da haɗe-haɗe sama da 11,000, cikinsu har da nau'o'in barasar magani masu yawa. Har yau gidaje da dama a Sin suna da tulun gilashi da aka jiƙa saiwar jinsin, da jan dabinon Sin, da 'ya'yan goji, da saiwar danggui a ciki.

Abin da ya kamata ya ja hankalinmu ba itatuwan ba ne, tsarin ne. Na farko, a ilimin Sinawa kowane haɗi yana da muƙamai huɗu. Akwai sarki, wato itacen da yake tunkarar ainihin cutar. Akwai waziri, mai ƙarfafa aikin sarki. Akwai mataimaki, mai kula da ƙananan alamomin cuta ko mai rage kaifin sarki in yana da guba. Akwai kuma jakada, mai daidaita haɗin baki ɗaya. Saboda haka ba a jefa itace a tulu don kawai an ji yana da kyau. Sai an faɗi aikin da ya zo yi.

Na biyu, suna da jerin hani da kowane ɗalibin magani yake haddacewa: saɓani goma sha takwas da ƙiyayya goma sha tara. A ciki aka hana, misali, haɗa saiwar gancao mai zaƙi da ciyawar teku ta haizao, aka hana haɗa saiwar akonit da banxia. Masana na zamani suna ta gwada waɗannan hane-hane, kuma ba duka ne gwaji ya tabbatar ba. Amma kasancewarsu a rubuce shi ya ba da damar gwada su. Na uku, suna da ƙa'idojin sarrafa itace mai guba kafin a sha, ta hanyar turarawa ko doguwar dahuwa. Gwamnatin Sin ta fitar da kundin magunguna na ƙasa a 1953, ana kuma sabunta shi lokaci-lokaci.

Masu maganinmu ma suna da irin wannan sani. Tsohon mai magani zai gaya maka wane itace ne uwar haɗi, wanne ne mahaɗi, wanne ne ba a ba mai ciki. Bambancin shi ne nasu yana takarda, namu yana ka, kuma yakan bi mai shi kabari. Rubuta magani ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basur. J. M. Dalziel kuma ya wallafa sunayen tsirrai na Hausa tun 1916. Abin da ya rage shi ne rubuta ƙa'idar haɗi.

5.0 Abin da Ruwan Jiƙo Yake Yi wa Itace

Itace ɗaya yana ɗauke da sinadarai masu yawa, kuma kowane ruwa da irin waɗanda yake fitarwa. Ruwan sha yakan fitar da masu bauri da masu zaƙi da gishiri-gishiri. Barasa kuwa tana narkar da ƙaro da mai da sinadarai masu ɗaci da kaifi waɗanda ruwa ba ya iya fitarwa sosai. Wuta kuma tana canza wasu sinadaran, ta kashe kaifinsu ko ta lalata amfaninsu. Ma'ana, saiwar da kakanni suka gwada a jiƙon ruwa suka ga ba ta cutarwa, in aka mayar da ita cikin ogogoro ta zama wani magani dabam wanda ba wanda ya gwada.

Misalai biyu daga Sin sun isa hujja. A watan Mayu na 2018, a wani bikin zagayowar ranar haihuwa a Chongqing, baƙi suka sha barasar magani da aka haɗa a gida. Mutum 15 suka kamu, 5 suka rasu. Bincike ya gano gubar akonit a cikin abin shan. Wannan saiwa magani ce sananniya a Sin, amma sai an daɗe ana dafa ta, domin dahuwa ce take karya gubar. Jiƙa ta ɗanya a barasa yana fitar da gubar yadda take, kuma kimanin miligiram 2 na gubar yana iya tsayar da zuciyar babban mutum.

Misali na biyu na alheri ne. Tu Youyou, wadda ta sami kyautar Nobel a 2015, ta yi ta tatsar wani tsiro ɗan'uwan tazargade da zafi, sakamakon ba ya tsayawa. Sai ta koma ga rubutun Ge Hong na ƙarni na huɗu, ta ga an ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, ba a ambaci wuta ba. Ta rage zafin tatsa, aka samo sinadarin atemisinin a farkon shekarun 1970, wanda shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau a asibitocin Zariya. Tsiron bai canza ba. Hanyar sarrafa shi ce ta canza. Da Ge Hong bai rubuta yadda ake jiƙawa ba, da ba ta sami abin komawa ba.

6.0 Haɗurran da Suka Shafi Zariya

6.1 Rikita itace da itace

A farkon shekarun 1990, mata fiye da ɗari a Beljiyam suka kamu da mummunan ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba, saboda an musanya wani itacen Sin da wani mai kusancin suna daga dangin Aristolochia. Daga baya hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya sinadarin wannan dangi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Wannan ba labarin nesa ba ne. Madacin ƙasa, wanda wasu suke kira duman dutse ko gadakuka, shi ne Aristolochia albida a wajen masana, kuma yana cikin magungunan Hausa. Da zarar an sassare saiwa an busar, ko an daka ta gari, ko gwani yana iya rikicewa. Ga shi kuma suna ɗaya yakan hau itatuwa biyu daga wannan gari zuwa wancan.

6.2 Itatuwa masu kaifi a cikin barasa

Sanya, wadda ake yi wa laƙabi da uwar magunguna, saiwarta cike take da wani sinadari ɗan'uwan asfirin, shi ya sa take ƙamshin man zafi. Haɗuwarsa da barasa a cikin mai gyambon ciki abin tsoro ne. Zaƙami yana da sinadaran da suke gusar da hankali su hanzarta bugun zuciya, kuma barasa tana fitar da su sosai. Tumfafiya tana da sinadaran da suke taɓa zuciya. Duk mai jiƙa waɗannan a kwalba yana sayarwa kofi-kofi, ba shi da hanyar sanin ƙarfin kofin farko da na ƙarshe, balle in ana ƙara barasa a kan tsofaffin saiwoyi.

6.3 Barasar kanta

Ogogoron da aka tatsa ba bisa ƙa'ida ba, ko aka yi wa algus, tana iya ƙunsar metanol. Kimanin mililita 10 nasa yana iya makantarwa, 30 kuma yana iya kisa. A 2015 an rasa rayuka a Ode-Irele ta Jihar Ondo, sannan gomman mutane a Jihar Ribas, ta wannan hanya. Ɗacin saiwoyi da launinsu suna ɓoye duk wata alama da harshe ko ido zai iya kamawa.

6.4 Karo da cuta da maganin asibiti

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma da yawansu ba su sani ba. Mai irin wannan hanta in ya ɗora mata barasa da haɗin itatuwa kullum, ya ƙara da farasitamol, ya tara mata kaya uku. Barasa tana kuma karo da Flagyl, da taramadol, da kodin, da wasu magungunan ciwon suga. Daga ɓangaren kayan Sin da suke shigowa, danggui da danshen suna ƙara ƙarfin magungunan tsinka jini, yawan shan gancao kuma yana hawar da jini. Akwai kuma algus: hukumomin lafiya a ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin Viagra a ɓoye cikin abin da ake tallatawa da sunan maganin maza na gargajiya, kuma wannan yana iya kashe mai shan wasu magungunan zuciya.

6.5 Tsimin da ya juya

Duk ruwan da yake da zaƙi, in aka rufe shi a wuri mai ɗumi, ƙwayoyin yis da suke jikin 'ya'yan itace da iska za su fara mayar da sukarin barasa. A zafin bazarar Zariya wannan ba ya ɗaukar kwanaki masu yawa. Alamominsa su ne kumfa, da hucin murfi in an buɗe, da kumburin jarka, da ɗanɗano mai cizo. Irin wannan barasa ba ta da ƙarfin da za ta hana ruɓewa, don haka ana iya samun maye da ƙwayoyin cuta a kwalba guda. Matar da ta sayi tsimin dabino da rake wanda ya yi mako biyu a shago ba ta yi niyyar shan giya ba, amma ba wanda ya auna mata abin da ke ciki.

7.0 Mahangar Addini

Mafi yawan mutanen Zariya Musulmi ne, kuma hukuncin jiƙon barasa a wajensu a fili yake. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Ɗariƙ ɗan Suwaid ya tambayi Annabi (SAW) game da giyar da yake yi don magani, aka hana shi, aka bayyana masa cewa cuta ce. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, fiƙihu ya yi magana a kan tsimi da haɗi dalla-dalla. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa jiƙon zabibi da ake yi wa Annabi (SAW) ba ya wuce yammacin rana ta uku. An kuma hana jiƙa nau'i biyu tare, kamar dabino da zabibi, aka hana tsimi a wasu irin mazubai, har da duma. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman birnin Zazzau, ta kawo hanin haɗa nau'i biyu da na mazubai. Malamai sun bayyana dalilin da cewa waɗannan suna gaggauta juyawar abin sha tun mai shi bai farga ba. Ashe ƙa'idar kwanaki da ta mazubi da ta haɗi tana hannunmu tun tuni. Ilimin sinadarai na yau bai yi komai ba illa bayyana yadda abin yake faruwa.

Ga mazauna Sabon Gari waɗanda addininsu bai hana su barasa ba, hujjar lafiya da aka kawo a sama ta ishe su dalilin taka-tsantsan.

8.0 Shawarwari

Na farko, a rubuta kundin haɗi na ƙasar Zazzau da Hausa, boko da ajami. Kowane haɗi a faɗi itatuwansa, da sashen da ake ɗauka, da aikin kowanne a cikin haɗin, da ruwan jiƙo, da kwanaki, da ma'auni. Kundin magungunan tsirrai na Nijeriya na 2008 da na Afirka ta Yamma na 2013 sun fi mayar da hankali ga itace ɗai-ɗai. Kundin haɗin zai cike gurbin.

Na biyu, a fara da babin hani, domin shi ya fi gaggawa kuma shi ya fi sauƙin samu. Mai magani yana iya ɓoye sirrin haɗinsa, kuma yana da haƙƙin haka, amma ba ya asarar komai in ya faɗi abin da ba a haɗawa, da abin da ba a ba mai ciki ko yaro ko mai ciwon ƙoda.

Na uku, ɗaliban digiri na biyu da na uku a Samaru su riƙa sayen haɗin kamar yadda ake sayar da shi su auna: yawan barasa a tsimi daga rana ta ɗaya zuwa ta goma sha huɗu, da metanol a jiƙon ogogoro, da ɓoyayyun magungunan bature a maganin maza. A mayar wa masu sana'ar sakamakon da harshen da suke ji.

Na huɗu, a buɗe wa masu magani ƙofar ma'ajiyar tsirrai ta jami'a, su kawo samfur a tantance musu, a kuma rubuta sunan duk wanda ya ba da ilimi tare da yarjejeniyar rabon amfani in abin ya kai kasuwa.

Na biyar, a wayar da kan jama'a cewa lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe tana nufin an duba lafiyar shan maganin ne, ba shaidar yana warkar da cututtukan da aka jera a kwalinsa ba ce. Likitoci kuma su riƙa tambayar majiyyaci abin da yake sha na gargajiya ba tare da tsangwama ba, domin wanda aka kunyata ba zai sake faɗa ba.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa amincin haɗin itatuwa ya rataya ne ga abubuwa huɗu: ainihin itacen, da abokan haɗinsa, da ruwan jiƙo, da lokaci da ma'auni. Tarihin Sin ya nuna ribar rubuta waɗannan, ya kuma nuna cewa ko inda aka rubuta, wanda ya yi gaban kansa a gida yana iya kashe baƙinsa. Fiƙihun da ake karantarwa a Zariya ya riga ya kafa iyakar kwanaki da ta haɗi. Abin da ya rage aiki ne da ba ya buƙatar kuɗi masu yawa: shugabannin masu maganin gargajiya na Sabon Gari, da malaman harhaɗa magunguna na Samaru, da malaman fiƙihu na birni su zauna, su fitar da jerin hani na farko ko da shafi biyu ne, a buga shi da Hausa, a liƙa a rumfunan masu saiwoyi da ɗakunan shan magani, a kuma karanta shi a rediyo.